Na zana manhajar shirin girgizar ƙasa, amma ba wanda ke son buɗe ta sau biyu

Mai_Zane:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. A kwas ɗin zanen manhaja da nake yi an ba mu aikin ƙarshen zango: kowa ya tsara manhajar waya da za ta sa mutane su yi shirin girgizar ƙasa tun kafin ta zo. Ba lallai sai mun rubuta kod ɗin duka ba, amma dole mu nuna fuskokin manhajar, mu nuna yadda mutum zai bi su, mu kuma kare dalilinmu.

Ga abin da na tsara zuwa yanzu. Da ka buɗe, taswirar duniya ce da jajayen ɗigo a duk inda ƙasa ta motsa cikin awa 24 da suka wuce. Ƙarƙashinta akwai gargaɗin gaggawa, sai jerin kayan da ya kamata a tanada (na lissafo guda 42), sai wasan tambayoyi da ake cin maki kullum, kamar yadda manhajar koyon harsuna ta Duolingo ke riƙe mutum da ƙirgen kwanakin da bai yi fashi ba. Na kuma yi niyyar sa hotunan ɓaraguzan Turkiyya na 2023 a shafin farko don mutum ya san abin ba wasa ba ne.

Na nuna wa mutum biyar, duk sun ce "ta yi kyau". Da na tambaye su ko za su sake buɗewa gobe, sai dariya. Ina na kuskure?

Dan_Kod:
Wa alaikumus salam. Mutumina, "ta yi kyau" ai ita ce "Allah ya ba da haƙuri" ta masu zane. Kafin mu shiga maganar kyau, wannan gargaɗin gaggawan daga ina za ka samo shi? Kana da na'urorin auna motsin ƙasa da ka binne ne ba mu sani ba?

Mai_Zane:
Na ɗauka zan jawo bayanan hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, tunda kyauta suke bayarwa.

Dan_Kod:
Wancan rahoto ne na girgizar da ta riga ta faru, sai bayan 'yan mintuna yake fitowa. Ihu bayan hari ke nan. Ya isa ya cika maka taswira da ɗigo, amma ba zai tashi kowa daga barci kafin bango ya motsa ba.

Malama_Jiyoloji:
Bari in ɗan warware wannan, don na lura da yawa suna haɗa abu uku wuri guda: hasashe, gargaɗin wuri (wato gargaɗi da wuri, kafin jijjigar ta iso ka), da rahoto.

Hasashe shi ne a ce maka ranar kaza, wuri kaza, girgiza mai ƙarfi kaza za ta faru. Wannan babu masanin da ya iya shi har yau. Abin da ilimi ke iya faɗa shi ne yiwuwar aukuwarta a wani yanki cikin shekaru masu yawa.

Gargaɗin wuri kuwa tsere ne tsakanin saƙo da girgiza. Idan dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa ya tsage, igiyoyi iri biyu ke tashi. Ta farko, wadda ake kira P, tana gudun kusan kilomita 6 a daƙiƙa ɗaya, kuma ba ta cika ɓarna ba. Ta biyu, S, tana tafiyar kusan kilomita 3 da rabi a daƙiƙa, ita ce mai jijjiga gini. Na'urar da ke kusa da cibiyar girgizar takan ji ta farko, ta aika saƙo ta waya, saƙon kuma ya fi igiyar sauri nesa ba kusa ba. Yi lissafi da kanka, ɗana: in kana nisan kilomita 100, igiyar S za ta ɗauki kusan daƙiƙa 29 kafin ta iso ka. Cire 'yan daƙiƙun da na'ura ke ɓatawa wajen ganowa da aikawa, wataƙila ka tsira da kamar 20. In kuwa kana nisan kilomita 20, daƙiƙa 6 ce gaba ɗaya, kafin wayarka ta yi ƙara ka riga ka ji a jikinka. Wato wanda ya fi kowa buƙatar gargaɗin shi ne wanda ya fi kowa rasa shi.

Birnin Meziko misali ne mai kyau. Tsarinsu yana aiki tun farkon shekarun 1990, kuma idan girgizar ta taso daga gaɓar tekun jihar Gerero, nisan kusan kilomita 300, sukan samu kimanin minti guda. Amma ta ranar 19 ga Satumba 2017 ta taso ne daga wurin da ya fi haka kusa da birnin, gargaɗin bai ba mutane wani lokacin kirki ba.

Mai_Shakka:
To Malama, ai akwai manhajoji da masu shafuka da ke cewa sun hango ta Turkiyya kafin ta faru, wai daga jeruwar duniyoyi.

Malama_Jiyoloji:
Wanda kullum yake cewa gobe za a yi ruwa, ranar da aka yi sai ya ce ai na faɗa. A shekara ana samun girgiza mai maki 6 zuwa sama a ma'aunin ƙarfin girgiza fiye da ɗari a duniya. Duk wanda ya ce "nan da 'yan kwanaki, a wani yanki mai faɗi" zai dace wata rana. Ƙirga waɗanda ya faɗa ba su faru ba. Mai_Zane, kalmar hasashe kada ta shiga manhajarka ko da wasa.

Dan_Kod:
Kuma ko gargaɗin wurin ma, manya sun riga ka. Japan tana aika wa jama'a tun 2007. A Amurka akwai ShakeAlert a jihohin Kalifoniya, Oregon da Washinton, da manhajar MyShake ta jami'ar Bakli. Google kuma tun 2020 ta mayar da wayoyin Android na'urorin ji, da ɗan abin auna motsin nan da ke juya maka allo in ka karkata waya. Idan wayoyi da yawa da ke ajiye a yanki ɗaya suka ji motsi iri guda a lokaci guda, sai babbar kwamfutarsu ta yanke cewa girgiza ce. Duk da miliyoyin wayoyin nan, a girgizar Turkiyya ta 6 ga Fabrairu 2023, mai maki 7.8, tsarin ya raina girmanta ƙwarai, kamfanin da kansa ya amsa haka daga baya. Ƙarfe 4:17 na asuba ce, mutane na barci, gargaɗi mai ƙarar da ke ratsa waya ko an rufe mata baki kaɗan ne suka samu. In giwa ta yi tuntuɓe a wurin, kai da aikin zango ɗaya ka kama kanka. Ka sa shafi guda da zai nuna wa mutum yadda zai kunna gargaɗin hukuma ko na wayarsa, shi ke nan.

Mai_Zane:
Kun cire min abin da nake taƙama da shi tun ba a je ko'ina ba. To me ya rage? Jerin kaya?

Uwar_Biyu:
Ƙanena, jerin kayan nan naka guda 42 shi zan fara cirewa. Na zauna a Japan shekara huɗu lokacin da maigidana ke karatu, bari in ba ka labarin kaina.

Da muka isa aka ba mu ɗan littafin shirin bala'i mai hotuna, mai kyau ƙwarai. Na duba, na ga jerin kaya shafi biyu, na ce sai an samu sarari. Shekara guda littafin yana cikin durowa. Ba don ban ji tsoro ba, tsoro kam har ya yi yawa, duk sanda tagogi suka ɗan yi ƙara sai gabana ya faɗi. Abin ne ya yi min girma na rasa ta inda zan kama.

Wata maƙwabciyata dattijuwa ce ta shigo wata rana, ta leƙa ɗakin yara, ta ga doguwar kwabar kaya daidai kan shimfiɗarsu. Ba ta yi min wa'azi ba. Ta ce mu ja shimfiɗar zuwa ɗaya bangon yanzu. Minti biyar muka gama. Bayan mako ta kawo min sandunan nan biyu da ake tokarewa tsakanin saman kwaba da silin. Wani makon ta ce kowa ya ajiye takalmi da tocila gefen inda yake kwana, domin in gilashi ya tarwatse cikin duhu, ƙafa ce ke fara jin jiki, wanda kuma ya yanke a ƙafa ba ya iya ɗaukar yaro ya sauka bene. A wata biyu na yi abin da littafin ya kasa sa ni yi a shekara.

In manhajarka za ta zama wannan tsohuwar, zan sauke ta. Aiki ɗaya a mako, ƙarami, wanda za a gama kafin shayi ya huce, da dalilinsa a jimla ɗaya. Kada ta nuna min na gaba sai na ce na gama wannan.

Hotunan ɓaraguzai kuma ka cire. Wanda ya ga bene goma ya zama tarin ƙasa ba zai ce bari in ɗaure kwaba ba, cewa zai yi ina amfanin.

Mai_Shakka:
To ai gaskiya ya faɗa. Ina amfanin? In kwana ya ƙare ya ƙare. Wanda Allah ya rubuta masa mutuwa ƙarƙashin gini, takalmi gefen gado ba zai hana ba.

Tsohon_Ma'aikacin_Agaji:
Haka ne ɗan'uwa, ba mai ja da ƙaddara. Amma ai mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙuminsa ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure shi tukuna. Kuma mafi yawan waɗanda girgiza ke samu ba mutuwa suke yi ba, rauni suke ji, ko su kwana uku ba ruwa, ko su rasa inda 'ya'yansu suke. Wannan ɓangaren duk yana cikin abin da shiri ke ragewa. Mai_Zane, ka rubuta tambayar Mai_Shakka ka manna a bangon ɗakinka, domin rabin masu sauke manhajarka da ita a ransu za su sauke.

Injiniya_Gini:
Na karanta duka. Ni dai ina da ja, kuma ku yi haƙuri da tsoho.

A 2010 an yi manyan girgiza biyu, makonni shida da 'yan kwanaki tsakaninsu. Ta Haiti, 12 ga Janairu, maki 7.0. Ta Cile, 27 ga Fabrairu, maki 8.8. Kowane maki ɗaya a ma'aunin nan yana nufin ƙarfi ya ninka kusan sau 32, don haka ta Cile ta fi ta Haiti ƙarfi kusan sau 500. A Cile mutum ɗari biyar da wani abu suka rasu. A Haiti gwamnati ta ce sun haura 200,000. Akwai bambancin zurfi da nisa daga birni, ban musa ba, amma babban bambancin shi ne Cile tana da dokar gini da ake bi, domin ta sha wuya, ita ce ta ga girgiza mafi girma da aka taɓa aunawa, maki 9.5 a 1960.

Abin da nake nufi: rodi nawa ke cikin ginshiƙi, yaya aka ɗaure zobensa, an cire bangon ƙasa don a yi shago ko wurin ajiye mota, waɗannan su ke raba wanda zai fito da wanda ba zai fito ba. Manhajar da ta ba mutum maki ɗari saboda ya sayi usur da tocila, alhali yana kwana a gidan da benensa na ƙasa ginshiƙai ne tsirara, ta yaudare shi. Gara ma wanda bai sauke ta ba, shi ya san bai shirya ba.

Mai_Zane:
Yallabai, wannan ta shige ni. Amma manhaja ba ta iya gyara gini. In bar maganar ginin ne gaba ɗaya?

Injiniya_Gini:
A'a ɗana, da ita za ka fara. Kafin komai ta tambayi mutum abu huɗu ko biyar, da hotuna ba da turancin injiniyoyi ba. Da me aka gina gidan, ƙasa, dutse, bulo, kankare ko katako? Hawa nawa ne, kai kana na nawa? Ƙasan a buɗe yake ko da bango? Akwai tsaga mai tafiya a karkace a bango ko ginshiƙi? Kana kusa da teku? Sai ta ce masa: ga alamun da suka sa ya kamata injiniya ya zo ya duba. Kada ta taɓa cewa "gidanka lafiya lau". Ni da na shekara talatin ina aikin nan ba zan faɗi haka daga hoto ba.

Malama_Jiyoloji:
Na yarda da Injiniya, in ƙara da ƙasar da aka ɗora ginin a kai. Tsakiyar birnin Meziko a kan busasshen tafki take, laka mai laushi, shi ya sa girgizar 1985 da ta taso daga ɗaruruwan kilomita ta yi musu mummunar ɓarna. Laka na ƙara wa jijjiga ƙarfi, dutse na rage ta. Inda hukuma ta fitar da taswirar irin ƙasa, wannan ta fi taswirar jajayen ɗigonka amfani sau dubu.

Amma wajen abin da za a yi lokacin da ƙasa ke motsi, shawara ɗaya ce ya kamata a koyar: durƙusa, shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi ka kare kai da wuya, ka riƙe ƙafar teburin har ta lafa. Kada a ruga waje, kada a tsaya bakin ƙofa, kada a shiga lif. A girgiza mai ƙarfi mutum ba ya ma iya tsayuwa, kuma bakin gini ta waje nan ne gilashi da bulo ke zubowa.

Injiniya_Gini:
Malama, a nan za mu ɗan saɓa. Wannan shawarar an gina ta ne a kan zaton cewa rufin zai tsaya. A Kalifoniya ko Tokiyo zato ne mai kyau. Je ki ƙauyukan tsaunin Atlas na Maroko, 8 ga Satumba 2023, maki 6.8, kusan mutum 3,000 suka rasu, gidajen ƙasa da dutse masu nauyin rufi. Mutum yana ɗaki ɗaya a ƙasa, taku uku tsakaninsa da fili, ki ce ya shiga ƙarƙashin tebur? Wane teburin ma?

Malama_Jiyoloji:
Ban ƙi ba Yallabai, su kansu masu koyar da durƙuson sun ware wannan: ginin ƙasa marar ƙarfe, mai nauyin rufi, kana hawan ƙasa, fili na kusa, to ka fita. Tsorona shi ne a ba mutane zaɓi biyu. Cikin firgici ƙwaƙwalwa ba ta zaɓe, abin da jiki ya saba shi yake yi. In ka ce "wani lokaci ka gudu", na hawa na shida ma zai rugo matakala, a nan ake tattake juna.

Dan_Kod:
Ku gafarce ni manya, amma ina ga rigimar nan taku ita ce amfanin manhajar. Takardar bango dole ta faɗa wa kowa abu ɗaya. Waya kuwa ta riga ta tambaye ka irin gidanka. Sai ta yi zaɓen tun ranar da hankali ke kwance, ta ba kowa umarni ɗaya tak na ɗakin da yake kwana, shi zai yi ta maimaitawa. Na hawa na shida ba zai taɓa ganin kalmar "fita" ba.

Injiniya_Gini:
In dai masana na ƙasar da za a yi amfani da ita ne suka tsara wa za a ce wa me, ba yaro mai zane ba, na yarda.

Malama_Jiyoloji:
Ni da sauran shakka. Mutum ba a gida kaɗai yake wuni ba, akwai wurin aiki, makaranta, kasuwa, mota. Amma mu bar shi a nan, ya rubuta a rahotonsa cewa wuri ne da ake da saɓani. Abu ɗaya da ba saɓani: na bakin teku, in jijjigar ta yi ƙarfi ko ta daɗe, da ta lafa ya nufi tudu da ƙafa, kada ya jira sanarwa. A 2011 a garin Kamaishi na Japan ɗaliban makaranta kusan duka sun tsira daga igiyar tsunami domin an sha yi musu atisayen haka, manyan suka ja ƙanana suka hau tudu.

Tsohon_Ma'aikacin_Agaji:
Ni bayan girgizar zan yi magana, don nan na fi sani. Duk abin da ka zana, ka ɗauka ba sabis, ba wuta, batir saura kashi 15, allon ya tsage, hannun mai riƙe da wayar yana rawa. In manhajarka sai ta nemi intanet kafin ta buɗe, ko ta ce a shigar da kalmar sirri, ta mutu ranar da aka haife ta dominta. Komai ya zauna cikin wayar: taswirar unguwa, wurin haɗuwa, lambobi, yadda ake tsayar da jini, yadda ake rufe gas. Allo mai baƙin baya, manyan haruffa, ba bidiyo.

Kira yakan toshe domin kowa na kira lokaci ɗaya, gajeren saƙon tes ya fi samun hanya. To a rubuta saƙon tun yau, "ina lafiya, ina wuri kaza", maɓalli ɗaya ya tura wa mutum uku. Ɗaya daga cikinsu ya kasance a wani gari mai nisa, kowa ya riƙa sanar da shi, shi ya haɗa labari.

Sannan, kuma wannan masu manhaja ba sa son ji, a sa maɓallin da zai fitar da shirin iyali a takarda ɗaya a buga. Yaro ɗan shekara bakwai ba shi da waya. Takarda a jakar makarantarsa ba ta neman caji.

Na ƙarshe, maƙwabta. A girgizar birnin Kobe na Japan ta 1995, mafi yawan waɗanda aka zaƙulo da rai daga ɓaraguzai iyalansu da maƙwabtansu ne suka ciro su, ba jami'an ceto ba. Haka na gani a duk inda na yi aiki: kafin motarmu ta iso, an yi rabin aikin da hannu. Cikin ayyukan makon nan da Hajiya ta kawo, ka sa wannan: je ka gano wa ke zaune shi kaɗai a layinku, wa ke kan keken guragu, wa ke da jariri.

Mai_Zane:
Allah ya saka Baba. Amma wannan na ƙarshen, in na ce a shigar da sunayensu cikin manhaja fa?

Dan_Kod:
Kada ka kuskura ya bar wayar. Jerin gidajen da tsofaffi ke kwana su kaɗai, da hoton cikin ɗaki, da inda ake ajiye takardu, in wannan ya taru a kwamfuta ɗaya ka haɗa wa ɓarayi littafin adireshi. Ba rajista, ba asusu, komai a wayar mai shi.

Amma ni ban yarda a jefar da wasan maki gaba ɗaya ba. Mutane na son ganin sandar nan mai nuna ci gaba tana cika. Anti ma ai daɗin "na gama" ne ya riƙe ta.

Uwar_Biyu:
Daɗin na gama daban, ƙirgen kwanaki daban, ƙanena. Harshe kullum ake koyonsa, shi ya sa ƙirgen ya dace da Duolingo. Kwaba sau ɗaya ake ɗaure ta. In ka dame ni da sanarwa kowace safiya a kan abin da wataƙila sai bayan shekara talatin, a mako na biyu zan rufe mata baki, a na uku in goge. Kuma amsa tambaya daidai ba shiri ba ne. Na san wadda za ta ci tambayoyin nan duka, tukunyar gas ɗinta kuwa tana tsaye ba ɗauri.

Dan_Kod:
To makin ya zama na aiki, ba na sani ba. Ka ɗaure, ka ɗauki hoto, ɗakin ya koma kore a zanen gidan.

Uwar_Biyu:
Wannan na yarda. Bayan an gama kuma ta yi shiru. Ta dawo sau biyu a shekara kawai ta ce a sauya ruwan da aka ajiye, a duba batirin tocila da ranar lalacewar magani, a gwada takalmin yara ko ya matse su. A Japan lita 3 ake cewa kowane mutum a rana, na aƙalla kwana uku, in da hali mako guda. Mu huɗu lita 36 ke nan mafi ƙaranci. In manhajar ta tambaye ni mu nawa ne ta yi min lissafin, ta ce kwalba kaza, ya fi ta ce "tanadi isasshen ruwa".

Mai_Shakka:
Malaminsa kuma ya tambaye shi mutum nawa ke buɗewa kullum, ya ce ba kowa, ai na ce ta yi shiru. Sai sifiri.

Mai_Zane:
Wallahi abin da ke raina ke nan. A darasi ma'aunin da aka koya mana shi ne masu dawowa kullum.

Malama_Jiyoloji:
Ni malama ce, in ɗalibi ya zo min da dalili ina saurara. Ka ce masa ma'auninka shi ne gida nawa suka kammala ayyuka biyar na farko, da mutum nawa suka shiga atisaye. Ga ranaku ma a shirye: Japan na yi 1 ga Satumba, ranar tunawa da girgizar Kanto ta 1923, Meziko 19 ga Satumba, atisayen ShakeOut da aka fara a Kalifoniya a 2008 kuma yanzu a watan Oktoba ake yin sa. Manhajar ta ɗauki ranar ƙasar da mutum yake.

Dan_Kod:
In za ka sa atisaye, ka bambanta shi da na gaske ta yadda ko makaho ba zai rikice ba: launi daban, sauti daban, murya ta ce gwaji ne tun daga farko har ƙarshe. A Janairun 2018 a Hawayi an tura wa wayoyin jama'a gargaɗin makami mai linzami bisa kuskure lokacin wani gwaji, sai bayan minti 38 aka aika gyara. A Meziko kuma ta 2017 ta zo ne awa biyu da 'yan mintuna bayan atisayen shekara na ranar. Kada kuma ka kwaikwayi sautin gargaɗin hukuma, wannan nasu ne.

Tsohon_Ma'aikacin_Agaji:
Tunda an ambaci makaho: wanda ba ya gani, wanda ba ya ji, wanda bai iya karatu ba. Murya, jijjigar waya, walƙiyar fitila, hoto. Wanda ke kan keken guragu ba ya durƙusawa, kulle tayoyi zai yi ya kare kansa. Tsoho mai ciwon gwiwa da ke kan gado ya zauna a gadon ya rufe kai da matashi. Ka tambaya tun farko, kada ka ɓoye shi can cikin saituna.

Mai_Zane:
Na kwana ina sake zane. Taswirar duniya ta fita, hotunan ɓaraguzai sun fita, wasan tambayoyi ya fita. Yanzu buɗewar farko tambayoyin Yallabai ne da hotuna, sai yawan mutanen gida da masu buƙata ta musamman. Daga nan fuska ɗaya ce: aikin wannan makon, dalilinsa, da maɓallin "na gama". Aiki goma sha biyu, na farko shi ne kwanta a gadonka ka kalli abin da ke saman kanka. Akwai jan maɓalli a ƙasa da ke buɗe shafin bayan girgiza ba tare da intanet ba. Gargaɗi kuma na mayar da mutum ga na hukuma.

Inda na maƙale: 'yan haya. Aiki na uku shi ne ɗaure kwaba da bango, mai gida kuma ba zai bari a huda ba.

Injiniya_Gini:
Masu nauyi su koma kantar ƙasa, a sa abin hana zamewa a ƙarƙashi, a juya kwabar ta yadda in ta faɗi ba kan gado ko bakin ƙofa za ta faɗa ba. Sandunan da Hajiya ta ambata suna aiki in silin ɗin kankare ne, in na kwali ne huda shi kawai za su yi. Ka sa a tambayi irin silin kafin a ba da wannan shawarar. Kuma ka rubuta wa ɗan haya gajeren saƙo na ladabi da zai tura wa mai gida, huda biyu ba ta kai asarar da zai yi ba.

Uwar_Biyu:
Kai fa, ka yi aikin farkon?

Mai_Zane:
Anti kin kama ni. Yanzu na kwanta na duba. Kanta ce da littattafai da tsohuwar firinta, daidai saitin fuskata. Shekara biyu ina kwana a ƙarƙashinta.

Uwar_Biyu:
Sauke firintar tukuna, sai ka dawo mu yi maganar launin maɓallin. Jan nan da ka zaɓa, mai matsalar ganin launi ba zai bambanta shi da koren ɗakunan ba.